TAKARDA KAFIN KATAFILA

Ga laccar da ɗaya daga cikin masu yi wa jam'iyyarmu lacca ya yi a bakin kasuwa ran Lahadin da ta wuce, gaban 'yan kasuwa da direbobi da manoma. Mun buga ta yadda ta fito daga bakinsa, domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, shugabannin 'yan kasuwa, sarkin tasha da direbobinsa, iyayenmu mata masu sana'a, da sauran 'yan'uwana talakawa, ina gaishe ku. Na gode da kuka rufe rumfunanku kuka zo kuka tsaya cikin rana. Allah ya mayar muku da cinikin da kuka bari.

Yau maganar hanya na zo da ita, hanyar mota da ta jirgin ƙasa. Tun da fari bari in toshe wata kafa. Kada wani ya tashi daga nan ya je ya ce 'yan adawa ba su son a yi hanya. Wa ya fi talaka son hanya? Mai tumatir da ya ɗauko kwanduna daga Kadawa zai kai Ikko, shi ya san abin da kwana ɗaya a kan mummunar hanya ke yi wa kayansa. Mai albasa daga Aliero ya sani. Mai shanu daga Maigatari ko Potiskum ya sani. Matar da naƙuda ta kama cikin dare a ƙauye ta fi kowa sani. Muna son hanya ƙwarai. Abin da muke tambaya shi ne, wace irin hanya, kuma da wane sharaɗi?

KUƊIN WA AKE YIN TA DA SU?

In an buɗe sabuwar hanya sai ku ga an kafa allo da hoton wani babba, an kira makaɗa, ana cewa ya yi wa jama'a alheri. To, daga aljihunsa ya fitar? Kuɗinku ne. Tun daga Fabrairun 2020, a kan kowace naira ɗari ta sabulu ko atamfa ko katin waya, ana ɗora naira bakwai da rabi ta haraji. Ga kuɗin rumfa, ga tikitin kasuwa, ga na tasha. In kuwa rance aka ciwo daga waje, 'ya'yanku da jikokinku za su biya. Wanda ya ba da kuɗin gini kuwa, ai yana da ikon ya leƙa ya ga yadda magini ke aza tubali.

Kakanninmu ba su sami wannan iko ba. Hanyar jirgin da ta taso daga Baro ta iso Kano a 1911, da aikin tilas aka yi mafi yawanta. Aka ɗebi mutane daga ƙauyuka suka yi ta jidar ƙasa a kai. Ba wanda ya tambaye su ko gonar wa za a ratsa, ko rafin wa za a tare. Yanzu zamani ya sake, akwai doka. Abin baƙin ciki shi ne yawancinmu ba mu san da ita ba, su kuwa masu mulki ba su damu mu sani ba.

DOKAR 1992

Ga asalinta. A 1988 aka gano waɗansu Turawan Italiya sun jibge dubban ganguna na guba a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa da ake kira Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Da abin ya tashi aka duba, ashe ƙasar nan ba ta da wata doka mai ƙarfi ta tsare muhalli. Muhalli kuwa shi ne ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobin da ke kewaye da mu, waɗanda da su muke rayuwa. A shekarar nan aka kafa hukumar tsaron muhalli ta Tarayya. Sa'an nan a 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ni nake kira dokar auna ɓarna. Amurka ta riga mu yin irinta tun 1970.

Abin da dokar ta ce a taƙaice: ko Gwamnati ko kamfani, ba mai fara babban aiki sai an aika masana sun bi wurin sun rubuta ɓarnar da aikin zai iya jawowa, da yadda za a kauce mata ko a rage ta. Ta ambaci manyan hanyoyi, da sabuwar hanyar jirgin ƙasa, da filin jirgin sama, da madatsar ruwa. Ta kuma ce kafin hukuma ta yanke shawara, sai an ba jama'a dama su faɗi ra'ayinsu. Bisa ƙa'idar da Ma'aikatar Muhalli ke bi, ana ajiye takardar a fili kwana 21 na aiki, a ofishin ƙaramar hukumar da aikin ya shafa da ma'aikatar muhalli ta jiha, a kuma yi shela a jarida da rediyo. A 2007 aka ƙara kafa wata hukuma, NESREA, mai bin sawu ta ga ana kiyaye dokokin muhalli.

Watau takarda ce gaba, katafila a baya. Yanzu ina tambayarku, hanyar da aka yi ta garinku, wa ya taɓa ganin takardarta? (Jama'a: Babu!) To, ku saurara ku ji abin da ya kamata a samu cikinta.

NA FARKO, RUWA

Injiniyoyi da kansu suna cewa babban abokin gaban hanya ruwa ne. Hanya tudu ce doguwa da aka shimfiɗa a tsakiyar ƙasa. Ruwan da ya saba bi ta wurin tun kaka da kakanni, in ya zo ya tarar an tare shi, ɗayan biyu zai yi. Ko ya koma baya ya kwanta a gonaki da gidaje, ko ya taru ya ci ƙarfin hanyar ya ɓalle ta. Domin haka ake sa kwalbati da gada da lambatu. Amma kwalbati kuɗi ne, kuma yana ƙarƙashin ƙasa inda babban baƙo ba zai gani ba ran buɗe hanya. Nan ne mugun ɗan kwangila ke cin ribarsa. Inda ya kamata a sa uku sai ya sa ɗaya, inda ya kamata a sa babba sai ya sa ƙarami. Wani kuma ya sa kwalbatin, amma ya saki bakinsa cikin gonar mutane ba tare da ya ɗaure wurin da dutse ba. Damina biyu sai ka ga kwazazzabo ya cinye gonar.

Kun ji abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja ran 29 ga Mayu, 2025. Mazauna garin sun shaida wa 'yan jarida cewa ruwa ya yi ta taruwa a bayan tudun tsohuwar hanyar jirgi, domin shara da tarkace sun toshe kwalbatocin da ya saba bi. Da aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, tudun ya ɓalle, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba. Mutum fiye da 150 suka rasu, ban da waɗanda ba a gani ba. Allah ya jiƙansu. Ruwan ya karya gada, motocin kaya tsakanin Arewa da Kudu suka yi cirko-cirko. Ku duba fa, kwalbatin yana nan, yashewa ce ba a yi ba. Saboda haka sharaɗin ruwa ba ya ƙarewa ran da aka yanke kirtani. Dole a rubuta wanda zai riƙa yashe magudana kafin kowace damina, da inda kuɗin zai fito.

A 2012, da kuma 2022, ruwa ya shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja wajen Koton Ƙarfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kayan gwari suka ruɓe, man fetur ya yi wuya a Abuja. A daminar 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Wani zai ce ai ruwa na Allah ne. Gaskiya ne, na Allah ne. Amma Allah ya ba injiniya hankalin awo. Kuma akwai abin da ya kamata ku sani. Waɗansu masana sun duba hotunan tauraron ɗan adam na shekaru 35, suka buga a 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan yanki namu na bakin hamada sun ninka sau uku tun daga 1982. Manoman da ke nan sun riga su gani, ruwan wata guda yakan sauko a dare ɗaya. Wanda ya auna kwalbati da ruwan zamanin kakansa, ya gina wa jikansa tarko.

NA BIYU, RAMI

Hanya tana cin jar ƙasa da tsakuwa da yashi masu yawa. Daga ina ake ɗebo su? Daga bayan garinku. A zo da katafila da tifa a haƙa rami mai zurfin gaba biyu ko uku, aiki ya ƙare, a kwashe kaya a tafi. Mu Hausawa mun san kududdufi, amma kududdufin magina yana da gangare, yaro yana shiga yana fita. Ramin katafila kuwa bakinsa a tsaye yake kamar bango.

A ƙauyen kakannina an bar mana irin wannan rami. Damina ta cika shi, yara suka mai da shi wurin wanka. Wata rana da la'asar aka fito da ɗan maƙwabcinmu daga ciki, bai kai shekara goma ba. Muka je wurin masu aikin, aka ce sun tashi. Muka je ofis, aka ce a dawo gobe. Har yau ramin yana nan, sauro yana haihuwa a ciki, zazzaɓi yana bin gida gida.

Sharaɗin kuwa mai sauƙi ne. Kafin a haƙa, a kankare ƙasar sama mai taki a tara ta gefe. In an gama, a kwantar da bakin ramin ya zama gangare, a mayar da ƙasar, a shuka itace. In mutanen gari suna son a bar musu shi mashayar dabbobi, a gyara shi a kewaye shi bisa yardarsu. Kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an je an ga ya yi.

NA UKU, ITACE DA BURTALI

Dattawan da ke nan sun tuna layin maɗaci da dalbejiya da ke bakin tsofaffin hanyoyinmu. Matafiyi ya huta, mai ƙosai ta kafa kaskonta, mai faci ya jingina tayoyinsa. Da aka zo faɗaɗa hanyoyi, da yawa sun tafi cikin yini guda, itacen da ya shekara hamsin yana girma. Itace a bakin hanya ba ado kaɗai ba ne. Saiwarsa ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye gefen kwalta, ganyensa ke tare ƙura da rairayi. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya kuwa abinci ne, kuma jarin mata ne. Sharaɗi shi ne a ƙidaya abin da za a sare, a kauce wa wanda za a iya kauce wa, a dasa fiye da abin da aka sare, a kuma yi ta ba shi ruwa har ya kama. Dashen da aka yi don ɗaukar hoto, akuya ta cinye washegari, ba dashe ba ne.

Haka burtali. An aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san shanu nawa ke ratsa ta kowace shekara. Kowace irin hanya, in ta datse burtali ko ta raba gari da mashayarsa ba a bar mahaya ba, makiyayi zai nemi wata kafa, kafar kuwa gonar wani ce. Daga nan sai faɗa, sai kotu, wani lokaci sai jini.

NA HUƊU, KASUWA DA DIYYA

Wannan taku ce, 'yan kasuwa. Lokacin aiki, ƙura takan rufe tsire da gari da kayan miya, ta shiga ƙirjin yara. Sharaɗi ne tankar ruwa ta riƙa yayyafa wa hanya, a rufe bayan tifa da tamfol, a nisanta injin fasa dutse da tukunyar kwalta daga gidaje. In hanya ta ratsa kasuwa, a yi wurin tsallakawa da wurin tsayawar motoci.

Dokar ƙasa ta 1978 ta ba Gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, amma ta ce a biya diyyar gini da amfanin gona da itatuwan da aka shuka. In kuwa da rancen Bankin Duniya ake aikin, kamar aikin hanyoyin karkara da Bankin ya amince da shi a 2020, wanda ya haɗa da Kano da Katsina da Sakkwato da Kabi da Bauchi, to sharuɗɗansa sun fi haka. Ko mai tebur a bakin titi, wanda ba shi da takardar fili, yana da hakkin a taimake shi ya koma wani wuri ya ci gaba da sana'arsa, kuma a biya kafin a rushe.

TALAKA YA TAƁA CIN NASARA?

Na ga waɗansu suna girgiza kai, suna cewa a ransu, Malam, doka a takarda take. To, ku ji labari biyu.

A 2015 Gwamnan Kuros Riba, Ben Ayade, ya ɗaura niyyar yin wata babbar hanya mai kilomita 260 daga wajen Kalaba zuwa iyakar Binuwai. A Janairun 2016 Gwamnatin jihar ta yi shelar ta karɓe ƙasa kilomita 10 dama, kilomita 10 hagu, tsawon hanyar duka. Ƙauyuka fiye da 180 abin ya shafa. Katafiloli suka fara shiga daji tun ba a amince da takardar auna ɓarna ba. Mutanen Ekuri, manoma ne masu kula da dajinsu da kansu, suka ce ba su yarda ba. Maza da mata suka fito, aka tara sa hannu fiye da 250,000 daga gida da waje. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, lokacin Amina Mohammed tana Minista, ta ce a dakata sai an kawo takarda mai kyau. A 2017 jihar ta janye karɓe ƙasar nan, aka kuma karkatar da hanyar daga dajin. An yi ɓarna kafin a tsaya, amma dajin Ekuri ya tsira.

Na biyu a ƙasar Yuganda. Mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar Kamwenge zuwa Fort Portal suka rubuta ƙara zuwa ga masu binciken Bankin Duniya, cewa ma'aikatan hanya suna lalata musu 'yan mata 'yan makaranta, ga rashin biyan diyya. A Disambar 2015 Bankin ya soke kuɗin aikin. Takardar ƙauyawa ce ta yi wannan.

Ba na ɓoye muku raunin dokarmu. Tarar da aka rubuta wa kamfani a 1992 ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Kamfanin da ya karɓi kwangilar biliyoyi, wannan ai kuɗin goro ne. Takardar kuma da Turanci ake rubuta ta, ta yi kaurin tubali, a ajiye ta a ofis inda talaka ke tsoron shiga. Ko hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba, mai kimanin kilomita 700, da aka fara a 2024, an soma rushe-rushe mutane suna ta tambayar ina takardar. Kuma sau da yawa Gwamnati ce mai aikin, ita ce kuma mai duba aikin. Kura ce aka ba ajiyar nama. Saboda haka sai mai naman ya tsaya a kai.

ABIN DA ZA MU YI

Ran da kuka ga safiyo yana kafa turaku yana shafa jan fenti a bango, ran nan aikinku ya fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗaya, ku kafa kwamiti, a sa ɗan kasuwa da manomi da makiyayi da direba da mace, da wani mai ilmin boko wanda kuka amince da shi.

Biyu, ku je ƙaramar hukuma ku ce a nuna muku takardar auna ɓarna. In an hana, ku rubuta. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba ma'aikatun Tarayya kwana 7 su amsa. Ku riƙe kofin kowace wasiƙa.

Uku, ku nemi a karanta muku ita da Hausa a bainar jama'a. Ku tambayi kwalbati nawa, a ina, ina za a haƙa rami, itace nawa za a sare, ina shanu za su haye, wa zai yashe lambatu.

Huɗu, ku ɗauki injiniya ku kai shi wurin tsofaffi su nuna masa inda ruwa ya kai a shekarar babbar ambaliya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Biyar, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar diyya sai an karanta masa, an ƙidaya kayansa a gabansa.

Shida, mu ma da namu laifin. Mai zuba shara da leda a lambatu, da mai kafa rumfa a kan magudana, yana taya mugun ɗan kwangila aiki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku yi duk wannan cikin lumana. Kada a taɓa lebura, shi ma talaka ne mai neman abinci. Kada a ƙona mota. Da takarda da taro da haƙuri mutanen Ekuri suka yi nasu. Duk mai neman ƙuri'arku kuma, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, in ya ce zai yi muku hanya, ku ce masa madalla, amma ina ruwan zai bi?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, ya kai matafiyanmu gida lafiya.